Ɗan Aku Mai Ƙulafuci da Maganar Hawan Kafaɗa

Aku tsuntsu ne wanda kusan kowane ɗalibin Hausa ya san labarinsa. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce, littafin da Alhaji Abubakar Imam ya wallafa tsakanin 1937 da 1939, ya san shi da wayo da iya magana, har ya kai ga zama waziri. Amma fa akun littafi daban, akun gida daban. Na littafi ba ya cizo, ba ya ihu da tsakar rana, ba ya kuma maƙale wa mutum ya hana shi sakat. Na gida kuwa, musamman yana ƙarami, duk yakan yi waɗannan.

Nufina a wannan maƙala in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu abubuwa biyu. Na farko, yadda za a bi da ɗan aku mai ƙulafuci, watau wanda ba ya yarda mai shi ya matsa ko nan da can. Na biyu, ko ya kamata a bar shi ya riƙa hawa kafaɗa. Abin da zan faɗa na samo shi ne daga karatu, da kuma renon wani aku da kawuna ya bar mana yana wata biyar, sa'ad da aka canja masa wurin aiki. Maganar a dunƙule ita ce: a koya wa aku zama shi kaɗai tun yana ƙarami, kada kuma a ba shi kafaɗa sai ya iya hawa hannu da sauka in an ce ya yi.

Asalin aku

Akun da nake magana a kai shi ne mai ruwan toka da jar wutsiya, wanda ya fi tsirya girma da iya kwaikwayon magana. Tsawonsa kamar santimita 33 ne, nauyinsa kuma kamar giram 400. Ba tsuntsun ƙasar Hausa ba ne. Gidansa shi ne kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kamar kudancin Nijeriya wajen Kuros Riba, da Kamaru, da Gabon, da Kwango. A can cikin garke yake zaune. Da asuba su tashi tare su tafi neman 'ya'yan itatuwa, irin su kwakwar manja, da magariba su dawo su kwana a kan dogayen bishiyoyi, wani lokaci ɗaruruwa a wuri guda.

Macen takan yi ƙwai a kogon bishiya, ta kwanta musu kamar kwana 30. Ɗan yakan fito tsirara, idonsa a rufe, ba ya iya komai sai buɗe baki. Sai ya yi kamar mako 12 kafin ya bar sheƙa, bayan nan ma iyayen sukan ci gaba da ciyar da shi har wasu makonni, yana bin su yana koyon abin da ake ci da abin da ake gudu. Ba ya balaga sai ya kai shekara uku zuwa biyar. Ana iya gane ƙaramin aku ta ido. Na yaro baƙi-baƙi ne, sannu a hankali ya koma ruwan toka, in ya girma ya zama fari mai ratsin rawaya. In an kula da shi sosai a gida yakan yi shekara 40 zuwa 60.

Dalilin ƙulafuci

In mun lura da wannan tarihi, sai mu ga ƙulafucin ɗan aku ba rashin kunya ba ne. A daji, ɗan tsuntsun da ya waiwaya bai ga garkensu ba, to, ya zama abincin shaho. Saboda haka Allah ya halicce shi da tsoron kaɗaici. Da zarar ya daina ganin nasa sai ya ƙwala kira, su kuma su amsa, ya ji inda suke, hankalinsa ya kwanta. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ihun da aku ke yi in ka fita daga ɗaki, wannan kiran ne na gidansu.

Mun san yadda 'ya'yan zabi suke bin kazar da ta ƙyanƙyashe su, suna ɗaukarta uwa. Haka ɗan akun da mutum ya ciyar da hannu yakan ɗauki mutumin nan uwa da uba da garke baki ɗaya. Ga shi kuma tsuntsu ne mai kaifin hankali. Wata malamar kimiyya a Amurka, Irene Pepperberg, ta sayi wani aku a 1977, ta sa masa suna Alex, ta yi shekara 30 tana bincike da shi har ya mutu a 2007. Wannan aku ya san sunayen abubuwa kamar 50, da launi bakwai, da siffa biyar, yana kuma ƙirga abu har shida. Halitta mai irin wannan ƙwaƙwalwa ba ta jure zaman banza. In ba ta da abin yi, sai ta mai da mai ita abin yinta.

Kaɗaicin ma yana taɓa jikinsa. A 2014 masu bincike a jami'ar likitancin dabbobi ta ƙasar Ostiriya suka gwada aku da ke zaune su kaɗai da waɗanda ke zaune bibbiyu. Suka duba wani ɗan sashe na ƙarshen zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, wanda yake gajercewa yayin da halitta ke tsufa. Suka tarar na masu zaman kaɗaici ya fi gajarta. Ashe ke nan maganin ƙulafuci ba shi ne a kulle tsuntsu a bayan gida a manta da shi ba.

A fara duba ciki da lafiya

Kafin a shiga horo, sai a tabbatar ba yunwa ko ciwo ke sa shi naci ba. Ɗan akun da ba a gama yaye shi ba yakan riƙa kaɗa kai sama da ƙasa, yana karkaɗa fiffike, yana wani kuka mai tsawo. Wannan roƙon abinci ne. Kada a ce za a bar shi da yunwa don ya koyi ci da kansa, gama yayen dole yakan bar masa tsoro da naci har girmansa. A ba shi abinci mai laushi, mai ɗumi-ɗumi, safe da yamma, kamar dafaffen dankali ko dafaffiyar masara, a kuma ajiye masa gwanda da gwaba da mangwaro da karas da ganyen zogale ya riƙa wasa da su har ya saba ci.

Ciwo kuma tsuntsu ɓoye shi yake yi, domin a daji marar lafiya shi ake fara kamawa. In aku ya kumbura gashinsa ya yi shiru, ko yana yawan barci da rana, ko kashinsa ya canja, ko wutsiyarsa tana motsi sama da ƙasa in yana numfashi, to, sai a garzaya wurin likitan dabbobi. Yana da kyau a riƙa auna shi da safe a kan ƙaramin sikeli. In ya rage kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, ba a jira sai gobe.

Illar sangartawa

Ɗan aku abin sha'awa ne. Yana kwantar da kai a ƙirjin mutum, yana lumshe ido in an sosa masa ƙeya. Wannan ne ke sa mutane su wuni ɗauke da shi. To, amma mu ɗalibai sai mu yi tunani. Dogon hutu mako nawa ne? In ka saba masa da wuni a jikinka tun safe har dare, ran da aka koma makaranta me zai faru? Shi bai san kalanda ba. Abin da ya sani shi ne garkensa ya ɓace. Daga nan sai ihu, sai ƙin cin abinci, wani ma har ya fara figar gashin ƙirjinsa da bakinsa, ya zama kamar kazar da za a dafa. Wannan ɗabi'a kuwa in ta kama aku, da wuya ta sake shi.

Illa ta biyu ita ce ƙiwa. Kamar yadda yaron da bai saba da kowa ba sai uwarsa yakan tsala kuka in wani ya miƙo hannu, haka aku yakan zaɓi mutum ɗaya ya tsani sauran mutanen gida. A 2006 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasar Suwizalan a kan aku fiye da 100. Aka ga waɗanda mutane suka ciyar da hannu tun suna sheƙa sun fi faɗa da zaɓen mutum in sun girma, a kan waɗanda iyayensu suka rena. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙa'idar da na riƙe ita ce, kada a ba ɗan aku yau abin da ba za a iya ɗorewa da ba shi ba shekara goma masu zuwa.

Koya masa zama da kansa

Abu na farko shi ne wurin zama. A ajiye kejinsa inda mutanen gida ke kai da kawowa, amma a jingina shi da bango don ya sami ɓangare ɗaya da ba ya fargabar wani abu zai ɓullo. A yi masa kuma wata matsaya a waje da keji, watau reshen icce mai kauri da aka kafa a kan katako, da gwangwanin ruwa da na abinci. Reshen gwaba yana da kyau. In ina karatu da yamma nakan ɗora akunmu a kan wannan matsaya, kamu biyu ko uku daga teburina. Yana ganina, ina ganinsa, kowa yana harkarsa. Haka tsuntsaye ke yi a garke, suna kusa da juna amma kowa da reshensa.

Abu na biyu shi ne aiki. A daji aku yakan ɓata sa'o'i da yawa wajen neman abinci da ɓare shi. A gida kuwa cikin 'yan mintoci ya gama da kwanonsa. Saboda haka sai a sa ya wahala kaɗan kafin ya ci. A naɗe gyaɗa cikin farar takarda, a ba shi masara a jikin totuwarta, a rataya masa ɗanyen reshe ko guntun kwali ya yayyaga. Bakin da ke aiki ba ya ihu.

Abu na uku shi ne a saba masa da fita da dawowa. Ka ba shi abin tauna, ka fita daga ɗakin kamar daƙiƙa goma, ka dawo tun bai fara kuka ba, ka yaba masa. Gobe ka ƙara, jibi ka ƙara, har ya kai minti biyar, har rabin sa'a. In ya yi kira a hankali, ka amsa daga inda kake, ka ce, "Ina nan." In kuwa ya tsala ihu, kada ka sheƙo a guje, kada kuma ka daka masa tsawa, domin a wurinsa tsawa ma amsa ce. Ka dakata sai ya yi shiru ko na ɗan lokaci, sa'an nan ka shigo. Duk halin da ya jawo masa abin da yake so, shi zai maimaita. In ihu ke kawo ka, zai ƙware a ihu. In kira mai daɗi ke kawo ka, zai ƙware a wannan.

Abu na huɗu, a raba hidimarsa. A gidanmu Inna ke ba shi abincin safe, ƙanwata ke canja masa ruwa, ni nake share keji, Baba kuma yakan miƙa masa 'yar gyaɗa in ya dawo daga kasuwa. Ta haka ya san alheri daga hannu da yawa yake fitowa. In za a shafa shi kuwa, a tsaya a kai da wuya. Shafa baya da ƙarƙashin fiffike, a al'adar tsuntsaye, sai tsakanin namiji da macensa, kuma yakan sa aku in ya balaga ya ɗauki mutum abokin aurensa, ya riƙa kishi da kowa. Daga ƙarshe, a bar shi ya yi barci sa'a 10 zuwa 12 a wuri mai duhu da shiru. Tsuntsun da bai ƙoshi da barci ba fitinanne ne, kamar yaro.

Darasin "hau" da "sauka"

Wannan darasi shi ne tushen duk sauran. Ka miƙa hannunka a gaban ƙirjinsa, sama kaɗan da ƙafafunsa, ka ce, "Hau." Ɗaya hannun kuma ka riƙe rabin ƙwayar gyaɗa ta yadda sai ya taka hannunka zai kai gare ta. Da ya hau, ka ba shi nan take. Sa'an nan ka kai shi gaban matsayarsa ka ce, "Sauka," in ya sauka ka sāke ba shi. Minti biyar ya isa, sau biyu ko uku a rana, a kuma tashi tun bai gaji ba.

Akwai abubuwa uku da za a kiyaye. Na ɗaya, aku yakan fara taɓa reshe da baki ya ji ko zai ɗauke shi kafin ya taka, gama bakinsa tamkar ƙafa ta uku ne. In ya kawo baki ka fizge hannu, ka nuna masa hannunka reshe ne marar amana, wata rana kuma sai ya riƙe da ƙarfi don kada ya kuɓuce masa. Na biyu, tsuntsu kullum sama yake nufa. In ka miƙe hannunka sosai, ko ka sa tafin hannu ya yi ƙasa da gwiwar hannu, ka shimfiɗa masa hanya zuwa kafaɗa. Ka manna gwiwar hannunka a haƙarƙari, ka ɗaga tafin sama, sai yatsunka su zama wuri mafi tsawo, ya tsaya a nan. Na uku, a koya masa hawa sanda kamar yadda yake hawa hannu, domin ran da ya fusata, ko ran da wanda ke tsoronsa ne kaɗai a gida, a sami abin ɗaukarsa.

Ba a dukan aku, ba a girgiza shi, ba a watsa masa ruwa don horo. Wannan ba ya koya masa komai sai tsoron hannu, tsoro kuwa shi ne uban cizo.

Me ke cikin hawan kafaɗa?

A dā masu kiwon aku da yawa suna cewa in tsuntsu ya hau sama da idon mutum sai ya ɗauka shi ne shugaba. Daga baya masana halayyar dabbobi, irin su Susan Friedman ta Jami'ar Jihar Utah a Amurka, suka nuna wannan magana ba ta da hujja. Aku yana son wuri mai tsawo ne don a nan ya fi jin ya tsira, yana kuma hangen ko'ina. Kafaɗa ta haɗa masa tsawo, da ɗumin jiki, da kusanci da fuskar wanda yake so. Ba mulki yake nema ba.

Duk da haka akwai haɗari na gaske. Aku ba ya cizo sai ya yi gargaɗi. Baƙin idonsa yakan riƙa tsukewa yana buɗewa da sauri, gashin wuyansa ya tashi, ya sunkuyar da kai, wani lokaci ya yi gurnani. In yana hannunka kana ganin duk wannan, sai ka sauke shi. In yana kafaɗa ba ka ganin komai. Ga shi kuma bakin da ke ɓare kwakwa yana dab da idonka da kunnenka da leɓenka. Har ila yau, in wani abu ya firgita aku, ko ya ga wanda ba ya so ya matso, yakan ciji na kusa da shi, ko da masoyinsa ne. Kyanwa ta gilma, ko ƙofa ta bugu, ya isa. Raunin yatsa yakan warke cikin mako guda. Ido kuwa in ya tafi ya tafi.

Shi ma tsuntsun yana cikin haɗari. 'Yan kunne da sarƙa da maɓalli da zik duk abin wasa ne a wurinsa, alhali wasunsu suna ɗauke da dalma ko tutiya, waɗanda guba ne ga tsuntsu in ya haɗiya. Wanda ya saba da aku a kafaɗa yakan manta da shi, ya shiga madafa inda ake tafasa ruwa ko suya, ko ya fita tsakar gida. Ko an rage masa gashin fiffike, in ya firgita ga iska, yana iya tashi ya haye katanga, shirwa kuma tana sama. Sa'an nan wanda bai iya "sauka" ba, in ka kawo hannu sai ya zagaya bayan wuya, ka bi shi nan ya koma can, har a kai ga kokawa da cizo.

Akwai kuma maganar lafiyar mutum. Akwai wata cuta da ake kira zazzaɓin aku, wadda ake ɗauka ta shaƙar ƙurar busasshen kashin tsuntsu mai ɗauke da ita. A 1929 zuwa 1930 ta kama ɗaruruwan mutane a Turai da Amurka ta hanyar cinikin tsuntsaye. Yanzu ana warkar da ita da magani in an gane ta da wuri. Saboda haka ba a sumbatar aku a baki, ba a ba shi abinci daga bakin mutum, a kuma wanke hannu bayan an share keji. Wanda ya yi zazzaɓi da tari, ya gaya wa likita akwai tsuntsu a gidansu.

Sharuɗɗan ba da kafaɗa

To, a hana shi ke nan sam? A ganina ba lalle ba ne. Ana iya ba shi, amma da sharuɗɗa, kuma ga waɗanda muke bi a gidanmu.

Na farko, sai ya kasance in an ce "hau" ya hau, in an ce "sauka" ya sauka, a faɗa ɗaya, kullum, har tsawon makonni, ba tare da cizo ba.

Na biyu, mutum ne zai ɗora shi da hannunsa. In ya haura da kansa, a tare shi da ɗaya hannun a mai da shi, ko sau goma ne, ba tare da faɗa ba.

Na uku, a cikin ɗaki, mutum yana zaune, an rufe ƙofa da taga, an kashe fanka, an cire tabarau da 'yan kunne da sarƙa, an kuma shimfiɗa tsumma a kafaɗa saboda kashi.

Na huɗu, minti biyar zuwa goma ya isa. In an sauke shi a ba shi abin da ya fi so a kan matsayarsa, don ya san sauka ma riba ce.

Na biyar, da ya kai baki ga kunne ko fuska, ko da wasa ne, a sauke shi a natse, a bar shi sai wani lokaci.

Na shida, ba a ɗora shi a kafaɗar ƙananan yara ko baƙi, ba a kuma ɗora shi in gida ya cika da hayaniya, kamar ranar suna ko biki.

Na bakwai, a sāke duba lamarin in ya balaga. Akun da yake lafiya lau yana wata takwas yana iya canja hali yana shekara huɗu. In ya fara kishi ko cizo, a mai da shi hannu da gwiwa, a koma darasin farko. Wani akun ma har abada bai dace da kafaɗa ba, kuma wannan ba ya rage masa jin daɗin zama da mutane.

Jan hankali ga iyaye

Ya ku iyayenmu, aku ba abin wasan yara ba ne da za a saya da Salla a yar bayan Salla. Yaron da aka kawo wa shi yana aji ɗaya zai gama makaranta, ya yi aure, ya haifu, akun yana nan. Saboda haka hidimarsa ta gida ce duka. A kiyaye shi daga fiya, da cakulan, da goro, da shayi, da gahawa, da gyaɗar da ta yi fumfuna, domin duk suna iya halaka shi. Huhunsa ba ya jure hayaƙi, don haka a nisanta shi da turaren wuta, da maganin sauro, da hayaƙin janareta, da tururin kaskon zamani marar kamu in ya yi zafi ƙwarai. A riƙa fitar da kejinsa ya sha hantsi, da inuwa a gefe, gama hasken rana yana taimaka masa ƙarfin ƙashi.

Ga waɗanda kuwa ba su da shi suna sha'awar saye, ina roƙon su dakata. Yawancin 'ya'yan aku da ake gani a kasuwa daga sheƙa aka ɗebo su, da yawa kuma sukan mutu a hanya. Wani bincike da aka yi a Gana ya nuna yawan aku a ƙasar ya ragu da kashi 90 zuwa 99 cikin 100 daga 1992. A 2016, a taron ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CITES da aka yi a Afirka ta Kudu, aka hana cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Duk wanda ya sayi ɗaya, ya ba mai kamu dalilin komawa kurmi.

Amma wanda ya riga ya shigo hannunmu, amana ce. Malamanmu sun karantar da mu cewa duk dabbar da mutum ya tsare, za a tambaye shi cinta da shanta da yadda ya bi da ita. Cikin haƙƙin ɗan aku har da a koya masa yadda zai wuni lafiya sa'ad da muke aji, ya yarda da kowa a gida, ya kuma san hawa da sauka. Wannan aiki ne na watanni, sai an yi haƙuri, amma sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.